Kusurwar da Ta Rage: Tarihin Lissafin Murabba'i

A gidan ajiye kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wani allo na yumɓu mai lamba 13901. Daga ƙasar da muke kira Iraƙi a yau ya fito, kuma masana sun ƙiyasta cewa an rubuta shi wajen shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, a zamanin tsohuwar daular Babila. Da bakin kara aka daddanna rubutun tun yumɓun yana ɗanye, sannan ya bushe ya zama kamar dutse. Tambayoyin lissafi 24 ne a jere a kansa, wasu sun gutsure, amma ta farko tana nan lafiya lau.

Ga abin da take nema. Akwai fili murabba'i, wato mai gefe huɗu daidai wa daida. An tara girman filin da tsawon gefensa guda, jimla ta ba da 45. Nawa ne tsawon gefen? Mutanen Babila da sittin-sittin suke ƙirga, gadon da suka bar mana a fuskar agogo, don haka 45 ɗin nan a ɗauke shi kamar minti 45 cikin awa, kashi uku bisa huɗu ke nan. Marubucin allon bai tsaya dogon bayani ba. Ya ɗauki 1 ya raba biyu, ya sami 30, wato rabi. Ya ninka rabin da kansa, ya sami 15, wato kwata. Ya tara 15 a kan 45, awa ta cika cif, 1 ke nan. Ya nemi adadin da idan aka ninka shi da kansa zai ba da 1, wato saiwarsa, ya ga 1 ne. Sai ya ɗebe rabin nan na farko, saura 30. Gefen filin rabi ne. Mai karatu ya gwada: rabi sau rabi kwata ne, a tara da rabi, an sami uku bisa huɗu.

Raba biyu, ninka da kansa, tara, nemi saiwa, ɗebe. Duk wanda ya zauna ajin lissafi a babbar sakandare ya bi waɗannan matakai biyar, ko da bai san ya bi su ba, domin su ne ke dunƙule cikin fomular nan da malamai ke rubutawa a allo, ɗalibai na haddacewa da fargabar jarrabawa:

x = (−b ± √(b² − 4ac)) / 2a

Tsakanin allon yumɓun da wannan layi guda akwai shekara fiye da 3,400. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne dabarar kanta ba ta canja ba a duk tsawon lokacin nan. Jinkirin daga wani wuri ya zo. Mutane sun daɗe ba su yarda cewa bashi ma adadi ne ba, sun daɗe ba su yarda a ce abu ya yi daidai da sifiri ba, kuma sun daɗe suna rubuta lissafi da dogayen jimloli saboda ba su da alamomi.

Babu manomin da ya taɓa tara faɗin gonarsa da tsawon kunya ɗaya ya ce ga jimla. Ba a haɗa kadada da taku. Wannan ya nuna tambayoyin allon na makaranta ne, horo ne ga yaran da za su zama magatakarda, masu auna gonaki da ƙididdige ma'aikatan haƙar magudanar ruwa da rabon hatsi. Sai a shekarun 1930 masana irin su Otto Neugebauer suka warware wannan lissafi, duniya ta gane zurfin da Babila ta yi. Daga baya wani ɗan ƙasar Denmak, Jens Hoyrup, ya bi kalmomin allunan ɗaya bayan ɗaya, ya nuna cewa kalmomi ne na yanka da liƙawa: a ɓalle wannan yanki, a manna shi can. Ashe magatakardan zane suke gani a zuci, suna yanka fili suna jera shi har ya koma murabba'i. A riƙe wannan, za mu dawo gare shi a Bagadaza.

Misirawa ma sun taɓa irin wannan. Wata takardarsu da ke ajiye a Balin ta nemi murabba'i biyu da jimlar girmansu 100, gefen ƙaramin kashi uku bisa huɗu na babban, amsa 8 da 6. Girkawa kuwa suka mayar da komai layi da zane. A littafi na biyu na babban aikin Yukilid, wanda Larabawa ke kira Uƙlidis, da ya rubuta a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin Miladiyya, akwai hujjojin da ke tabbatar da wannan yanka da liƙawa ba tare da an ambaci adadi ko ɗaya ba. Hujja ce mai ƙarfi, amma layi ba ya gajarta ya wuce babu, saboda haka a wurinsu zancen adadin da ke ƙasa da sifiri bai ma taso ba. Diyofantus, wanda ya zo bayan Yukilid da ƙarnoni, idan lissafi ya kai shi ga irin wannan amsa sai ya ɗauki tambayar a matsayin marar ma'ana.

Mutanen Indiya na cikin waɗanda suka fara buɗe wannan ƙofa. A shekarar 628 Birahmagufta, masanin taurari da ya zauna a garin Bhinmal na yankin Rajastan, ya rubuta littafin da ya jera dokokin lissafi da sifiri, da dukiya, da bashi. Ya bayyana cewa bashi sau dukiya bashi ne, bashi sau bashi kuwa dukiya ne. Duk ɗan kasuwa ya san ana iya wayar gari da abin da bai kai babu ba, wato ba ka da ko sisi kuma ana bin ka. Abin da Birahmagufta ya yi shi ne shigar da wannan hali cikin lissafi a matsayin adadi mai dokokinsa, sannan ya ba da ƙa'idar warware lissafin murabba'i da kalmomi, wadda ta yi kusa ƙwarai da tamu.

Amma amincewa da bashi a littafi daban, amincewa da shi a matsayin amsa daban. Baskara na biyu, wanda ya yi rubutunsa a 1150, yana son kawo misali da birai. A ɗaya, an ɗauki ɗaya bisa takwas na garken birai an ninka da kansa, su ne ke wasa a kurmi, 12 da suka rage suna kan tudu. Garken 16 ne ko 48, kuma ya karɓi duka biyun, domin kowanne ya yi daidai. A wani misalin, an ɗebe 3 daga ɗaya bisa biyar na garken, an ninka abin da ya rage da kansa, waɗannan sun shiga kogo, biri ɗaya yana kan reshe. Lissafi ya ba da 50, ya kuma ba da 5. Baskara ya ƙi 5, saboda ɗaya bisa biyar na 5 ɗaya ne, kuma ba a ɗebe biri uku daga biri ɗaya. A ganina ya yi daidai, kuma darasi ne da har yau ake bukata: fomula tana ba da amsa biyu, mai hankali ne ke komawa ga tambayar ya duba wacce ta dace da birai na gaske.

Yanzu sai Bagadaza, inda wannan ilmi ya sami suna. Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi, wanda nisbarsa ke komawa ga yankin Hawarizm a kudancin tafkin Aral, ya yi aiki a Baitul Hikma zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833. Wajen 820 ya rubuta taƙaitaccen littafinsa kan hisabin jabru da muƙabala. A gabatarwa ya nuna cewa halifan ne ya ƙarfafa masa gwiwa, kuma ya yi shi ne don bukatun mutane na yau da kullum: rabon gado, wasiyya, shari'a, ciniki, awon ƙasa da haƙar magudanai.

Kalmar jabru ta cancanci a tsaya a kanta. A Larabci tana nufin ɗori, mayar da ƙashin da ya karye wurinsa. Idan ɓangare ɗaya na lissafi yana da gibi, an ɗebe masa wani abu, sai a ƙara wannan abin a ɓangarorin biyu, gibin ya cike, kamar yadda maɗori ke haɗa karaya. Muƙabala kuwa ita ce a sa ɓangarorin fuska da fuska, a soke abin da suka yi tarayya a kai. Daga aljabru aka sami aljabara, sunan da duniya duka ke kiran fannin da shi. A Sifen kalmar ta daɗe da ma'anarta ta asali, har mai ɗori ma da ita ake kiransa. Sunan marubucin kuma, da ya bi ta bakin Turawa, shi ya zama algoridim da masu kwamfuta ke faɗa kullum.

Babu alama ko ɗaya a littafin, babu x, babu +, hatta adadin da kalmomi aka rubuta su. Abin da ake nema ya kira shi shai'u, wato abu, ko jizru, wato saiwa. Idan aka ninka shi da kansa ya zama malu, wato dukiya. Adadi tsurarsa kuwa dirhami ne. Kamar dai ana ganin dukiya a matsayin itacen da ya tsiro daga saiwa, kuma wannan kalma ta saiwa ita ce ta bi fassara har ta shiga littattafan makarantunmu.

Misalinsa da ya fi shahara, wanda marubuta suka yi ta maimaitawa ƙarni bayan ƙarni, shi ne dukiya ɗaya da saiwa goma sun yi daidai da dirhami 39. A rubutunmu, x² + 10x = 39. Raba goma biyu, 5. Ninka da kansa, 25. Tara da 39, 64. Saiwarsa 8. Ɗebe 5, saura 3. Matakan Babila ne sak. Amma Alhawarizmi bai tsaya ga umurni ba, ya kawo zane, domin gani ya kori ji.

Mai karatu ya zana murabba'i a ƙasa, wannan ita ce dukiyar, ba mu san gefenta ba. Saiwa goma fili ne mai tsawon wannan gefen da faɗin 10. A tsaga shi gida biyu ta tsawo, kowanne faɗinsa 5. A jingina ɗaya a gefen gabas na murabba'in, ɗaya a gefen kudu. Abin da ya fito yanzu kamar babban ɗaki ne da aka gina aka bar kusurwa ɗaya ba a cike ba, kuma girmansa duka 39. Kusurwar da ta rage kowa yana ganinta: 5 ta nan, 5 ta can, 25 ke nan. A cike ta. Ɗaki ya zama murabba'i cikakke mai girman 64, gefensa 8. A cikin 8 ɗin nan 5 namu ne da muka jingina, saura 3, shi ne abin da ake nema. Duk sirrin fomular yana cikin wannan kusurwa. Dalilin raba b gida biyu ke nan, dalilin ninka rabin da kansa ke nan.

Akwai wani adadin da shi ma ya cika sharaɗin tambayar, bashin 13: 169 a ɗebe 130, saura 39. Alhawarizmi bai ambace shi ba, domin fili ba ya da gefen bashi. Wannan ƙin ne ya tilasta masa raba al'amarin gida shida. Tunda ba a yarda a rubuta adadin bashi ba, kuma ba a yarda a ce jimla ta yi daidai da sifiri ba, dole kowane abu ya zauna a ɓangaren da ba zai zama bashi ba. Dukiya da saiwa daidai da adadi, nau'i ɗaya ke nan. Dukiya da adadi daidai da saiwa, wani nau'in. Saiwa da adadi daidai da dukiya, na uku. Sai ƙanana uku masu sauƙi. Kowanne da ƙa'idarsa da za a koya daban.

A nau'i na biyu ne ya nuna kaifin basirarsa. Ya kawo dukiya da dirhami 21 daidai da saiwa goma. Rabin goma 5, ninkinsa 25, a ɗebe 21 saura 4, saiwarsa 2. A ɗebe 2 daga 5 a sami 3, a tara a sami 7, kuma ya faɗa cewa duka biyun amsa ne. Ya ƙara da gargaɗi cewa idan ninkin rabin bai kai yawan dirhamin ba, tambayar ba ta yiwuwa, idan kuma sun yi daidai, rabin nan shi ne amsa. Abin da ɗalibi ke dubawa ke nan a yau idan ya lissafa b² − 4ac ya ga ko ya haura sifiri, ko ya tsaya a kansa, ko ya gaza.

Kusan rabin littafin kan wasiyya da gado ne, mas'alolin da malaman fiƙihu a zaurukanmu za su gane da kallo ɗaya: mutum ya mutu ya bar 'ya'ya, ya yi wasiyya da wani kaso, kuma yana bin ɗaya daga cikin magadan bashi. Gaskiyar magana, yawancin waɗannan ba su bukatar murabba'i, lissafi ne mai hawa ɗaya. Amma sun nuna inda aljabara ta girma: kusa da alƙali da mai rabon gado, cikin harshen da malamanmu ke karantawa. Kwafin Larabcin da ke Okusfod an rubuta shi a 1342, kuma shi ne Frederic Rosen ya buga tare da fassara a 1831.

Waɗanda suka biyo baya sun faɗaɗa gonar. Sabitu ɗan Ƙurra ya ɗaure ƙa'idojin da hujjojin Uƙlidis. Abu Kamil na Misra ya yi aiki da saiwoyin da ba su fita cif, irin saiwar 2 da saiwar 10, ba tare da ɗar-ɗar ba. Umar Hayyam, wanda ya rasu a 1131, ya haura zuwa lissafi mai hawa uku. A Magrib, Ibnul Yasamin, wanda ya rasu a Marrakish a 1204, ya tsara nau'o'in shida cikin waƙen rajazu mai baiti hamsin da 'yan kai don ɗalibai su haddace, kamar yadda ake haddace Alfiyya a nahawu. A littattafan Magrib ɗin ne kuma masu rubutu da Larabci suka fara gajarce kalmomi zuwa haruffa, shinun a madadin shai'u, mimun a madadin malu, kamar yadda ake gani a rubutun Alƙalasadi, ɗan Andalus da ya rasu a Tunisiya a 1486.

Turai ta sha daga wannan rijiya ta hanyar Sifen da kasuwanci. A 1145 Robat na Cesta ya fassara littafin Alhawarizmi zuwa Latin. Liyonado ɗan birnin Pisa, wanda aka fi sani da Fibonaci, ya koyi hisabi yana yaro a Bijaya, a gaɓar Aljeriya ta yau, inda mahaifinsa ke kula da harkar fataken garinsu, kuma a 1202 ya fitar da littafin da ya koya wa 'yan kasuwar Italiya lambobin Indiya da aljabara. Italiyawa suka fassara shai'u kai tsaye suka ce kosa, abu, har aka riƙa kiran fannin sana'ar abu.

A 1545 wani likita ɗan Milan, Jirolamo Kardano, ya taɓa abin da Alhawarizmi ya ce ba ya yiwuwa. Ya nemi a raba 10 gida biyu yadda idan aka ninka su za su ba da 40. Ba zai yiwu ba a zahiri, domin mafi yawan abin da za a samu shi ne 5 sau 5, wato 25. Kardano ya bi matakan duk da haka, ya sami 5 + √−15 da 5 − √−15. Ya tara su, 10. Ya ninka su, 40 cif. Ya rubuta abin, ya ɗauke shi wayo ne marar amfani, ya wuce. Rafayel Bombeli ne ya tsara dokokin irin waɗannan adadi a 1572, kuma a yau injiniyoyin lantarki da su suke lissafin wutar da ke shigowa gidajenmu.

Daga nan abubuwa suka zo da sauri. Robat Rekod ya kawo alamar = a 1557. Faransuwa Biyet, a 1591, ya sa haruffa a madadin adadin da aka sani, ba wanda ake nema kaɗai ba, kuma wannan ne ya ba da damar a yi magana kan dukan tambayoyi lokaci guda maimakon 10 da 39 kullum. Aikin Tomas Hariyot da aka buga a 1631 ya taimaka wajen yaɗa al'adar kwashe komai zuwa ɓangare ɗaya. A 1637 Rene Dekart ya ware haruffan ƙarshe, x da y da z, ga abin da ba a sani ba, na farko kuma, a da b da c, ga abin da aka sani, tsarin da muke bi har gobe. Shi kansa Dekart saiwar ƙarya yake kiran amsar da ta zo da bashi. Amma da zarar an yarda b da c su zama dukiya ko bashi ko sifiri, gidaje shida na Bagadaza suka rushe suka zama ɗaki ɗaya: ax² + bx + c = 0. Shekara guda bayan haka, a 1638, Galileyo ya buga hujjarsa cewa nisan da abu ke yi idan ya faɗo yana tafiya da murabba'in lokaci. Lissafin da aka ƙirƙira don horar da magatakardan gona sai ga shi yana faɗin inda dutsen da aka jefa zai sauka.

Kwanakin baya wata 'yar ƙanena da ke shirin jarrabawar fita sakandare ta zo min da littafinta. Ta iya rera fomular ba gargada, amma da ta manta ko 4ac ake ɗebewa ko tarawa sai komai ya tsaya mata. Na sa ta ɗauko kwalin sabulu da almakashi. Muka yanka murabba'i ɗaya da dogaye biyu, muka jera a kan tabarma, gurbi ya bayyana a kusurwa. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta sa yatsa a wurin ta ce, "Baffa, ashe wannan ramin kawai ake cikewa?" Na ce mata shi ne. Ta ɗauki biro ta warware tambaya uku a jere ba ta waiwayi fomular ba.

Ina roƙon malaman lissafi, daga na sakandare har masu koyarwa a gida: kafin ku rubuta fomular a allo, ku ba yara kwali da almakashi, ku faɗa musu sunan Alhawarizmi da ma'anar jabru a harshen da suke ji. Kai kuma mai karatu, ga taka: dukiya ɗaya da saiwa shida sun yi daidai da 16. Zana ta a ƙasa, cike kusurwar, ka nemo saiwar, sannan ka nemo ta bashin da malaman Bagadaza suka bari.